Yadda famfo mai fukafukai ke tura kayan abinci masu kauri

Famfo mai fukafukai, wanda Charles Barnes na ƙasar Kanada ya sami rajistar mallakar ƙirƙirarsa a 1874, na'ura ce da masana'antun abinci ke amfani da ita wajen tura zuma, narkakken cakulan da man girki ta cikin bututu. A cikin gangarsa akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa wanda aka kafa a gefe guda maimakon tsakiya, kuma an tsattsaga jikinsa an sa fukafukai, wato falle-falle masu zamewa ciki da waje suna gogar bangon gangar. Idan dunƙulen ya juya, sararin da ke tsakanin kowaɗanne fukafukai biyu yakan faɗaɗa a mashiga ya zuƙo ruwan, sannan ya matse a mafita ya tunkuɗa shi waje, don haka kowane zagaye yana fitar da kusan adadi ɗaya. Gwargwadon kaurin abin da ake turawa ake rage saurin injin, domin sararin ya cika sosai, ana kuma ƙera gangar da ƙarfen da ba ya tsatsa saboda tsabtar abinci. Tsakuwa da aiki a bushe suna saurin cinye fukafukan.