Neman Gwamna da Maslahar Talakawa: Kano a 1979

Duk ɗan takarar da ya hau mumbarin siyasa yana neman kujerar gwamna, da wuya ya sauka bai ambaci raya karkara da kyautata rayuwar al'umma ba, har kalmomin suka tsufa a kunnen jama'a. Amma kaɗan ne daga cikinsu suke bayyana wa talaka abu takamaimai wanda zai iya riƙe su da shi idan wa'adi ya cika. Saboda haka ya dace mai karatu ya waiwayi yaƙin neman zaɓen da jam'iyyar PRP ta yi a tsohuwar Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, sa'ad da soja suke shirin miƙa mulki a 1979.

Ɗan takararta shi ne Muhammadu Abubakar Rimi, mutumin ƙasar Sumaila, matashi wanda bai cika shekara 40 ba, mai fasahar harshe ƙwarai, a ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Kano. Alamar jam'iyyar mabuɗi, kirarinta kuwa nasara. Babban alkawarin da suka yi ta kaiwa kasuwanni da ƙauyuka bai buƙaci tafsiri ba, domin kowane magidanci ya san ɗacin haraji, kowane makiyayi ya san jangali, kuma tun zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ake kuka da yadda waɗansu masu karɓa suke wulaƙanta wanda ya gaza biya, har mutum ya sayar da hatsin da zai ci da damina, ko ya tsere daga garinsu. Aka ce za a soke haraji da jangali. Mata kuma, waɗanda a Arewa wannan ne karo na farko da suka jefa ƙuri'a a zaɓen gwamna, sun saurari wannan batu da kunnen basira, da yake su ne suka fi sanin abin da ya rage a rumbu.

Da Rimi ya karɓi mulki a watan Oktoba na 1979, bai yi jinkiri ba ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Daga nan aka kafa hukumar yaƙi da jahilci domin manya, maza da mata, aka kai wutar lantarki garuruwan karkara, aka kafa hukumar bunƙasa noma ta KNARDA, da jaridar Triumph, da gidan talabijin na jiha.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi inda kuɗin ya fito, domin a nan ne mas'alar take. Abin da ya sa soke harajin ya yiwu shi ne kason kuɗin man fetur da ke zuwa daga Legas a lokacin, wanda ya ninka abin da hakimai da dagatai suke tarawa; kuma a ganina, ko da yake an sauke wa talaka nauyin da ya daɗe yana danne shi, an kuma sassauta wata igiya da ta ɗaure hukuma da ra'iyyarta, gama wanda ba a karɓi sisinsa ba bai cika tuhumar baitulmali ba. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, ayyukan jihohi suka yi rauni.

Fitina kuma ta riga ta kunno kai a cikin gida, inda jam'iyyar ta rabe zuwa ɓangarori biyu, Santsi da Taɓo, ga saɓani da masarauta wanda ya kai ga tarzomar Yuli 1981, wadda a cikinta aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Rimi ya ajiye muƙaminsa a 1983, ya sake neman kujerar a ƙarƙashin jam'iyyar NPP yana kafa hujja da ayyukan da kowa ya gani da idonsa, amma Kanawa suka bi mabuɗi, suka zaɓi Sabo Bakin Zuwo.