Me Ya Sa Zuma Ta Fi Rake Zaƙi?

A kasuwar Gidan Rumji, mai rake yana feraye sanda da wuƙa, gefensa Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nono, can gaba kuma ga mai zuma da kwalabensa. Dukansu sukari suke sayarwa, ko sun sani ko ba su sani ba, amma harshe ba ya ba su maki ɗaya.

Masana sun ɗauki sukarin rake, wanda suke kira sukuros, suka mai da shi ma'auni, suka ba shi maki 100. Shi ne farin sukarin da ake jefa wa shayi. A kan wannan ma'auni, gulukos, sukarin da ke yawo cikin jinin mutum, bai wuce maki 70 zuwa 75 ba. Fuluktos kuwa, wanda Bafaranshe Dubrunfaut ya gano a 1847, yakan kai 120 zuwa 170. Sirrin zuma ke nan: kimanin kashi 38 cikin ɗari nata fuluktos ne, kashi 31 gulukos. Fuluktos yana da wata ɗabi'a ma: sanyi yana ƙara masa zaƙi, zafi yana rage shi. Shi ya sa cokalin zuma a fura mai sanyi ya fi jiyuwa a baki a kan cokali guda cikin tafasasshen shayi.

Madara ce ta fi ban mamaki. Lita ɗaya ta madarar shanu tana ɗauke da kusan giram 50 na sukarin da ake kira laktos, nauyin ƙwayar sukari wajen goma, amma makinsa bai fi 20 ba, har mai sha ba ya cewa ya sha zaƙi. In ta kwana ta zama kindirmo, ƙwayoyin halitta sun cinye wani sashensa sun mai da shi tsami.

Matan da ke dama kunun zaƙi da tsiron dawa ko gero sun daɗe da sanin wani sirrin. Tsiron yana narkar da sitacin hatsi ya koma sukarin maltos, mai maki ƙasa da 50, kunu ya yi zaƙi ba a sa sukari ba.

Nan ne mai ciwon sukari ya kamata ya yi hattara, don harshe ba ya auna abin da ke shiga jini. Maltos ɗin kunu, duk da ƙarancin zaƙinsa, gulukos biyu ne a haɗe, kuma hanji na raba su nan take. Zuma ma tana ɗaga sukarin jini. Kafin ya maye gurbin sukari da ɗayansu, ya fara tuntuɓar likita.