Yadda Ake Fitar da Gwani a Gasar Darar Kwamfuta

Duk wanda ya san dara irin wadda ake bugawa a inuwar bishiya a garuruwan Gwarzo da Kabo, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ya san cewa ci ɗaya ba ya mayar da mutum gwani, domin kuskure guda yana iya kayar da wanda ya fi kowa iyawa. Wannan matsala ce ta daɗe tana damun masu shirya gasar ces, wato darar Turawa mai gida 64, musamman tun da aka fara gasar manhajojin kwamfuta a birnin New York na Amurka a 1970. Tambayoyin da ke gabansu biyu ne: wa zai kara da wa, kuma zagaye nawa ya kamata a yi kafin a ce wane ne zakara.

Hanyoyin haɗa 'yan wasa guda uku ne suka fi shahara. Ta farko ita ce sili ɗaya ƙwale, wadda masu kallon ƙwallon ƙafa suka sani, inda duk wanda aka ci zai kama hanyar gida. Tana da sauri, amma ba ta yafe tuntuɓe. Ta biyu ita ce kowa ya kara da kowa, wadda ta fi adalci amma take cin lokaci, domin da za a tara 'yan dara 16 daga Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, sai an yi zagaye 15 da wasa 120 kafin a kammala. Ta uku ita ce tsarin Suwizalan, wanda aka fara amfani da shi a birnin Zurich a 1895, inda ba a korar kowa, sai dai bayan kowane zagaye a haɗa masu maki iri ɗaya, ba tare da mutum biyu sun sake haɗuwa ba, ta yadda masu ci za su riƙa cin karo da masu ci.

Lissafin tsarin Suwizalan mai sauƙi ne, domin kowane zagaye yana rage rabin waɗanda ba a taɓa ci ba, saboda haka zagaye 4 ya isa a fitar da mutum ɗaya daga cikin 16, zagaye 5 kuma daga cikin 32. Sai dai wannan adadi shi ne mafi ƙaranci, kuma tarihi ya nuna rauninsa. A gasar duniya ta farko ta kwamfutoci, wadda aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1974, manhaja 13 suka yi zagaye 4, inda Kaissa ta Tarayyar Sobiyet ta cinye wasanninta duka, amma ba ta haɗu da Chess 4.0 ta Amurka ba, wadda mutane da yawa ke ganin ita ce babbar abokiyar hamayyarta, har sai da aka shirya musu wasa na musamman bayan gasar, suka tashi canjaras. Haka kuma a Hong Kong a 1995, a gasa mai zagaye 5, manhajar Fritz da ke aiki a kan kwamfuta ta gama-gari ta doke na'urar kamfanin IBM wadda daga baya ta shahara da sunan Deep Blue, wasan nan ɗaya kuwa ya raba babbar na'urar da kambin.

A yau manhajoji sun yi ƙarfin da yawancin wasanninsu canjaras ne, abin da ya sa gajeriyar gasa ba ta iya bambanta su. Tun da kwamfuta ba ta gajiya, gasar TCEC da aka fara a 2010 ta zaɓi yawan wasa: manhajoji suna karawa kowa da kowa a rukuni-rukuni, sannan biyun da suka fi su yi wasa 100 a karawar ƙarshe. Ana zaɓar musu mabuɗin wasa, wato motsin farko-farko, kuma kowane mabuɗi ana buga shi sau biyu, kowace ta riƙe fararen 'ya'ya sau ɗaya, domin mai fari ne ke fara motsi, kuma hakan riba ce. A wata karawa daban, lokacin da manhajar AlphaZero ta kara da manhajar Stockfish a 2017, wasa 72 cikin 100 canjaras ne, sauran 28 AlphaZero ta ci. Da wasa huɗu kawai aka yi, mai yiwuwa ne a tashi ba a ga tazarar da ke tsakaninsu ba.

Darasin da ke cikin wannan ya shafi duk mai niyyar shirya gasar dara ko kacici-kacici tsakanin makarantun Gwarzo da Kabo. Idan mahalarta ba su wuce takwas ba, kowa ya kara da kowa a zagayen da ba su wuce 7 ba. Idan sun yi yawa, a bi tsarin Suwizalan tare da ƙara zagaye biyu ko uku a kan mafi ƙarancin adadi, a kuma sanar tun farko yadda za a raba masu maki ɗaya, misali ta hanyar tara makin waɗanda kowa ya kara da su. Yaron da ya taso daga ƙauye domin gasa ya cancanci fiye da wasa ɗaya, kuma wanda aka ɗora wa kambi ya cancanci jadawalin da zai hana a ce sa'a ce ta ba shi.