Taswirar waya da aikin ceto: me ke sa ɗigo ya faɗa inda ba nan ba ne?

A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye manyan sassan Maiduguri cikin dare. Shekara biyu kafin nan kogunan Chari da Logone suka cika suka batse, suka shiga unguwannin Njamena da na Kusseri da ke tsallaken ruwa a Kamaru. Yamai ta ga nata a 2020, lokacin da kogin Isa ya ci gaɓa ya shiga Lamorde da Kirkissoye. A irin wannan hali, tambayar farko da masu ceto ke yi wa mai kira ita ce: kuna ina?

Amsar da aka saba ji ita ce "bayan masallacin Juma'a" ko "kusa da mai shayin nan". Ga ɗan unguwa wannan kwatance ya isa. Ga mai kwalekwalen da aka ɗauko daga wani gari, cikin duhu, bayan ruwa ya shanye lunguna, ba shi da wani amfani. Shi ya sa matasa masu ilimin kwamfuta a biranen yankin ke ƙoƙarin haɗa manhajojin da za su nuna wa ma'aikatan kwana-kwana da na asibiti ainihin inda mutum yake. Yawancin matsalolin da suke cin karo da su ba manya ba ne. Ƙananan kurakurai ne na lamba da rubutu, amma suna iya tura motar asibiti wani gari daban.

Yadda waya ke sanin inda take

Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna kewaya duniya daga nisan kilomita 20,000 da ɗoriya. Waya tana sauraren saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa nisanta da kowanne, ta fitar da wurin da take. Sauraro kawai take yi, don haka ba ta buƙatar intanet ko kati. Wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Turai na Galileo, na Rasha GLONASS da na Sin BeiDou. A fili, ƙarƙashin buɗaɗɗen sama, kuskuren ba ya wuce 'yan mitoci.

A cikin ɗaki mai rufin kwano labari ya canza. Saƙon taurarin yana raunana, sai wayar ta koma yin ƙiyasi da turken sadarwa mafi kusa. A birni ƙiyasin na iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci, a karkara kuwa da kilomitoci. Wannan shi ne babban da'irar shuɗi da ake gani kewaye da ɗigon, wanda mutane da yawa ba sa kula da shi. Mazauna bakin iyaka suna da ƙarin matsala: wayar mutumin Kusseri na iya kama sabis ɗin Chadi, ta mutumin Birnin Ƙonni ta kama na Illela. Maganin yana da sauƙi: a fito waje, a jira minti ɗaya ko biyu har da'irar ta tsuke, sannan a tura.

Lambobi biyu, kurakurai da yawa

Kowane wuri a doron ƙasa ana bayyana shi da lambobi biyu. Ta farko, latitud, tana faɗin nisan wuri arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu. Ta biyu, lonjitud, tana faɗin nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a Landan, ya sauko ta Aljeriya, Mali da Burkina Faso har ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Gana. Digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya lambobin. Google Maps yana sa latitud a gaba, amma tsarin ajiye bayanai na GeoJSON, wanda masu haɗa manhaja ke yawan amfani da shi, lonjitud yake sawa a gaba. Yamai tana kusan 13.51 arewa da 2.11 gabas. In aka juya, ɗigon zai faɗa cikin dajin da ke iyakar Kamaru da Kongo, kuma kowa zai gane an yi kuskure. Haɗarin yana yankin tafkin Chadi, inda lambobin biyu suka yi kusa da juna. Maiduguri tana 11.85 arewa da 13.16 gabas. Juya su yana kai ɗigon wajen Maine Sorowa, a iyakar Nijar, nisan kilomita kusan 200. Wuri ne na gaske, da ƙauyuka da hanyoyi, don haka wanda ke zaune gaban kwamfuta a wani ofishi mai nisa ba zai ga abin zargi ba.

Na biyu ya shafi duk wanda ke aiki tsakanin Faransanci da Ingilishi. A tsarin Faransanci waƙafi ake sawa a lamba: 13,51. A na Ingilishi ɗigo ne: 13.51. Jadawalin da aka cika a Zinder ko Garwa, in aka buɗe shi a kwamfutar da aka saita da Ingilishi a Kano ko Kumasi, manhajar na iya ɗaukar waƙafin a matsayin alamar raba gurabe, ta tsinka lamba ɗaya gida biyu, ko ta ɗauke ta a matsayin rubutu ta ƙi karantawa. Lambar da ta kasa karantuwa sau da yawa sifili take komawa. Sifili da sifili kuwa wuri ne a tsakiyar tekun Gini, kusan kilomita 600 kudu da gaɓar Gana. Duk wanda ya ga rijiyoyin ƙauyensu ko asibitocin gundumarsu sun taru a cikin teku, to ga dalilin.

Mutanen Gana suna da nasu tarkon. Akasarin ƙasar yamma take da layin Greenwich, saboda haka lonjitud ɗinta yana ɗauke da alamar ɗebewa. Kumasi tana kusan 6.69 da -1.62. In alamar ta faɗi wajen kwafa, zangon Kumasi ya koma iyakar Togo da Benin, kilomita kusan 360 gabas.

Sai kuma rikicin digiri da minti. Digiri 13 da minti 30 daidai yake da 13.5, domin minti 60 ne ke cika digiri. Wanda ya rubuta 13.30 ya kauce da kilomita 22. Yanke lambobin bayan ɗigo shi ma yana da tsada: lamba biyu suna nuna wuri ne da kuskuren da ya kai kilomita guda, lamba biyar kuwa suna kai mutum har ƙofar gida.

In gari guda ne ya matsa gaba ɗaya, gidaje suka hau kan titi a kan allo, to matsalar ta ma'auni ce. GPS yana aiki da ma'aunin WGS 84. Tsofaffin taswirorin Najeriya an zana su ne da ma'aunin Minna, na ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka su ma da nasu, kuma bambancin na iya kai gomman mitoci ko fiye. Haka nan tsarin UTM ya yanka duniya shiyya-shiyya, kowace digiri shida: Yamai na shiyya ta 31, Kano da Zinder na ta 32, Njamena na ta 33. Bayanan Njamena da aka karanta da shiyya ta 32 suna faɗowa gabas da Kano kaɗan. A manhajar QGIS, wadda kyauta ce, abin da ake fara dubawa ke nan: wane ma'auni aka ɗora wa kowane shafi. Lambar WGS 84 ita ce 4326.

Gari ɗaya, suna uku

Sunaye ma suna ɓatar da manhaja. Zinder ita ce Damagaram. Tahoua ita ce Tawa, Dogondoutchi kuwa Dogon Dutsi. Ga kwamfuta, Maradi da Maraɗi kalmomi biyu ne, domin d da ɗ ba harafi ɗaya ba ne a wurinta. Akwai kuma sunayen da suka yi yawa: Sabon Gari, Tudun Wada da Zango suna nan a ƙasashe da dama. Manhajar da ke neman wuri da suna kawai za ta zaɓi wanda ya fara fitowa. Taswirar OpenStreetMap, wadda aka kafa a 2004 kuma kowa na iya gyara ta, tana ba da damar rubuta wa wuri sunansa na Hausa, na Faransanci da wani sunan da aka san shi da shi. Aiki ne da ɗan unguwa kaɗai zai iya yi daidai. Mai zana Briketeri ta Yawunde ko Nima ta Akara daga hoton tauraro yana ganin rufin gidaje, amma bai san wane lungu ne mota ba ta shiga ba, ko wace kwata ce ke fara cika in an yi ruwa.

An ga amfanin wannan aiki a zahiri. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, 'yan sa kai suka zana Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu agaji suka yi aiki da taswirar. A arewacin Najeriya, masu yaƙi da shan inna sun raba wa ayarin masu riga-kafi wayoyi masu GPS, aka gano rugage da ƙananan ƙauyuka da taswirar da aka zana da hannu ta tsallake. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Gana kuwa ta ƙaddamar da GhanaPostGPS a 2017, tsarin da ke ba kowane wuri lambar adireshi.

Abin da manhajar ceto ke buƙata

Ranar da aka fi buƙatar manhajar ita ce ranar da babu wuta kuma sabis ya yi rauni. Dole taswirar ta zauna a cikin wayar tun kafin masifa, kamar yadda OsmAnd da Organic Maps ke yi, kuma a iya tura wurin ta gajeren saƙo. A nan akwai wani abin lura ga mai rubutu da Hausa: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya ragu zuwa 70. Saƙon gaggawa ya fi kyau ya zama lambobi biyu, girman kuskuren da wayar ta ƙiyasta, da lokacin da aka ɗauki wurin. Lokacin yana da muhimmanci, domin waya na iya tura wurin da ta sani jiya. Ga masu tattara bayanai a unguwanni, KoboToolbox da ODK suna ajiye komai har sai an samu intanet. Kuma tunda ba kowa ke karatun boko ba, maɓalli guda mai girma da saƙon murya sun fi fom mai gurabe goma.

Abin da masu haɗa manhaja suka fi mantawa ba na fasaha ba ne. Wa ke karɓar saƙon? Ushahidi, wadda 'yan Kenya suka haɗa a farkon 2008 don tattara rahotannin rikicin bayan zaɓe, ta nuna cewa rahoton jama'a sai da masu tantancewa. Manhajar da ba ta da yarjejeniya da 'yan kwana-kwana, hukumar magajin gari ko asibiti tana iya cutarwa, domin mutum zai danna maɓalli ya zauna jiran wanda ba zai zo ba, alhali da ya kira 18 a Nijar ko 118 a Kamaru.

Batun sirri kuma ya fi nauyi a yankin da ke fama da 'yan bindiga. A Janairun 2018 aka lura cewa taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta fallasa sansanonin soja, saboda sojojin da ke gudu da ita a kunne. Taswirar da ke nuna gidan da aka kai rahoton hari daga cikinsa tana nuna wa maharan wanda ya tona su. Ainihin wurin ya tsaya a hannun masu ceto, jama'a kuwa su ga unguwa ko gunduma kawai, kuma a goge bayanan in aiki ya ƙare.

Kafin a saki manhaja, akwai gwajin da bai wuce yini guda ba. A zaɓi wurare biyar da kowa ya sani, kamar tasha, asibiti da babban masallaci, a je kowanne da wayoyi iri biyu ko uku, ɗaya an saita ta da Faransanci, ɗaya da Ingilishi. A tura wurin daga fili, a sake turawa daga cikin ɗakin kwano, sannan a kashe intanet a sake. In garin na bakin iyaka ne, ɗaya daga cikin wuraren biyar ya zama inda sabis ɗin maƙwabta ke shigowa.