Testaccio: Unguwar Mahauta da Ta Zama Wurin Cin Daɗi a Birnin Roma

Baƙon da yunwa ta kora zuwa gidan abinci da ƙarfe bakwai na yamma a unguwar Testaccio, ba mamaki ya tarar da ƙofa a rufe, ko kuwa ya hangi ma'aikata zaune suna cin nasu tukuna. Ba wulaƙanci ba ne. Mutanen Roma ba sa zaman cin abincin dare sai wajen takwas ko tara, kuma in sun zauna ba sa gaggawar tashi. Teburin da aka kama da ƙarfe takwas da rabi, sau da yawa sai sha ɗaya ta gota ake sakinsa.

Testaccio tana kudu da tsakiyar birnin, a bakin Kogin Tiber, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Piramide. Yawancin masu yawon buɗe ido Trastevere suke nufa, can ƙetaren kogin, inda lunguna suka fi kyau a hoto. Amma ɗan gari da ke son ainihin girkin Roma yakan bi ta nan, kuma dalilin hakan yana cikin tarihin unguwar.

A tsakiyarta akwai wani tudu mai tsayin kimanin mita 35, wanda mutane ne suka tara shi da hannunsu. A zamanin Daular Rumawa jiragen ruwa kan sauke man zaitun a nan, akasarinsa daga kudancin Sifen, cikin manyan tuluna. Tulun da ya sha mai ba ya sake amfani, don haka sai a fasa shi, a jera katangar a tsanake, a barbaɗa farar ƙasa saboda wari. An ci gaba da haka har ƙarni na 3, kuma masana sun ƙiyasta tulunan da ke jibge a wurin sun kai miliyan 53. Daga baya aka gano cikin tudun yana da sanyi rani da damina, sai aka haƙa koguna a gindinsa don ajiya. Wasu daga cikin kogunan nan su ne gidajen abinci a yau. A Flavio al Velavevodetto, mai ci yana zaune yana kallon fasassun tulunan ta bayan gilashi.

Abin da ya fi tudun tasiri a kan tukunya shi ne mayanka. Tsakanin 1888 da 1891 aka gina babbar mayankar birnin a Testaccio, unguwar ta cika da mahauta da masu fiɗa da 'yan dako. Tsoka mai kyau ta masu hali ce. Abin da ya rage, wato kai da ƙafa da wutsiya da kayan ciki, shi ake haɗa wa ma'aikata a matsayin wani ɓangare na ladansu. Mutanen Roma suna kiran wannan ragowa quinto quarto, kashi na biyar na dabbar da aka raba huɗu. Ma'aikaci ya ɗauki rabonsa ya kai gida, ko ya miƙa wa masu girki na bakin mayanka su dafa masa. Gidan abincin Checchino, wanda ya fara girki a 1887, haka ya tashi, kuma har yau yana nan a gindin tudun, daura da ƙofar tsohuwar mayankar.

An rufe mayankar a 1975. Gine-ginenta sun koma wuraren baje kolin zane-zane da azuzuwan jami'a, amma girkin bai bi mahautan ya tafi ba. Duk wanda ya taɓa shan farfesun kayan ciki ko na jelar sa a Kano ba zai ji baƙunta a nan ba, sai dai ya yi mamakin ganin an kawo shi kan farin ƙyalle da farashi mai tsoka.

Sarkin waɗannan girke-girke shi ne coda alla vaccinara: wutsiyar sa da ake dafawa awanni a ruwan tumatir da ganyen seleri har naman ya saki ƙashi da kansa. Wasu gidajen kan ƙara ɗan garin koko da busasshen inabi a ƙarshe, miyar ta yi duhu da zaƙi-zaƙi. Sai trippa alla romana, tumbin sa da tumatir da na'a-na'a da cuku, wanda bisa al'ada ranar Asabar ake yi, kamar yadda Juma'a take ranar kifi. Akwai kuma pajata, hanjin ɗan maraƙin da bai fara cin ciyawa ba, a dafa shi da nonon da ke ciki. Wannan kam sai mai ƙarfin zuciya. An hana sayar da shi a 2001 lokacin cutar haukan shanu, aka ɗage haramcin a 2015, kuma masoyansa sun yi murna ba kaɗan ba.

Takardar jerin abinci kan rikita baƙo, domin Italiyawa ba sa haɗa komai a faranti ɗaya. Ana farawa da antipasto, ɗan abin taɓawa. Sai primo, wanda yawanci taliya ce. Sannan secondo, nama ko kifi, kuma shi kaɗai yake zuwa. Mai son ganye ko dankali sai ya nemi contorno daban. A rufe da kayan zaƙi da ɗan kofi mai ɗaci a ƙaramin kofi. Babu dole a bi duka, su kansu 'yan gari kan tsaya a biyu. Wanda ya nemi kofi mai madara bayan cin dare za a kawo masa, amma da ɗan kallo, don a wurinsu na karin kumallo ne.

Ga Musulmi, a nan ne hankali ya kamata ya tashi tsaye. Cikin shahararrun taliyoyin Roma huɗu, uku da naman alade ake yinsu. Carbonara da amatriciana da gricia duk sun dogara ne ga guanciale, wato kuncin alade da aka shanya da gishiri, kuma sunan abincin ba ya nuna haka. Wutsiya da tumbin nan ma, masu girki da yawa da kitsen alade suke fara suyar, su zuba giyar inabi a miyar, ga kuma tambayar yadda aka yi yankan. Ba ɓoyewa suke yi ba. A wurinsu abin sananne ne har bai kai a faɗa ba. Sai an tambaya. Kalmar alade ita ce maiale, giya kuma vino, kuma ma'aikatan sun saba da irin wannan tambaya.

Ta huɗun ce mafita, kuma a ganin masu yawa ita ce gwanar: cacio e pepe. Taliya ce da cukun nonon tumaki mai gishiri da ake kira pecorino romano, da masoro, da ɗan ruwan dahuwar taliyar. Shi ke nan. Wahalar tana wajen juyawa, domin in zafi ya yi yawa cukun ya dunƙule. A gidan Felice, wanda ke unguwar tun 1936, a gaban mai ci ake juya ta da cokula biyu har ta yi santsi. Bayan ita akwai soyayyen kifi, da taliya mai tumatir da barkono, da carciofi, wani kayan lambu mai kamar furen da bai buɗe ba, da ake dafawa da man zaitun da tafarnuwa a lokacin sanyi zuwa bazara.

Lissafin kuɗi ba ya zuwa sai an nema, don kawo shi ba a tambaya ba tamkar korar baƙo ne. A yankin Lazio, inda Roma take, dokar 2006 ta hana karɓar kuɗin zama a tebur, wanda ake biya a sauran sassan Italiya, sai dai gidaje da yawa sun mayar da shi kuɗin burodi. Ruwan sha ma na kwalba ne kuma na kuɗi, za a tambayi mutum ko mai gas yake so ko marar gas. Tukuici ba wajibi ba ne. A sanannun gidaje gara a kama wuri tun kwanaki kafin ranar, kuma a tsakiyar Agusta da dama suna rufewa su tafi hutu.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ko ba shi da awa uku na zama, sai ya nufi kasuwar unguwar, wadda ta koma sabon gini a 2012. Rumfunanta na sayar da irin girkin nan cikin burodi, a ci a tsaye tare da ɗalibai da ma'aikata. A Testaccio ne kuma Stefano Callegari ya ƙirƙiro trapizzino a 2008, burodin fiza mai kusurwa uku da ake buɗewa a cika da nama da miya, wanda daga baya ya kai har New York. Kasuwar dai ta rana ce: da la'asar ake tashi, kuma ba ta ci ranar Lahadi.