Masu farautar dukiyar da ke binne: Yadda ɓatan guduma ya tono arzikin Rumawa a Ingila

A watan Nuwamban 1992, wani manomi a ƙauyen Hoxne da ke gabashin Ingila ya yar da gudumarsa a gona. Sai ya roƙi abokinsa Eric Lawes, wani dattijo da ya yi ritaya, ya zo da na'urarsa ta gano ƙarfe ya taya shi nema.

Na'urar ta yi ƙara, Lawes ya haƙa, sai ga cokulan azurfa da sulallan zinare. Maimakon ya ci gaba da tono, sai ya dakata, aka sanar da hukuma. Washegari masana kayan tarihi suka zo suka kwashe komai a tsanake: sulalla 14,865 da kayan ado da na cin abinci kusan 200, waɗanda aka binne a farkon ƙarni na biyar, lokacin da mulkin Rumawa ke ƙarewa a Birtaniya.

An biya Lawes fam miliyan 1.75, ya raba da manomin. Gudumar ma an same ta daga baya, tana ajiye a Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar 'yar'uwa ce ga wadda ake caje mutane da ita a ƙofar banki ko filin jirgi, kuma irinta ce masu neman zinare suka riƙa ɗauka zuwa Djado a arewacin Nijar daga 2014. Amma a Ingila yawancin masu riƙe da ita ba sana'a suke yi ba, nishaɗin ƙarshen mako ne.

A ƙasan sandarta akwai faifai mai naɗaɗɗiyar waya da ke aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, sai ƙarfen ya mayar da martani, na'urar ta yi ƙara a kunnen mai ita. Ba ta zurfi sosai, sulalla guda ba ta cika jin sa ba idan ya wuce kamu ɗaya ko biyu. Abin da aka fi tonowa kuwa shi ne ƙusa da marfin kwalba da guntun garma. Mutum kan yi shekaru yana sintiri a gonaki cikin sanyi da taɓo bai samu abin kirki ba.

Shi ma Terry Herbert ya daɗe yana wannan yawo kafin watan Yulin 2009, lokacin da ya ci karo da zinare a wata gona a Staffordshire. Abin da aka tono ya haura kilo biyar na zinare, akasari adon takubba da kayan yaƙi na ƙarni na bakwai. An yi masa kuɗi fam miliyan 3.285, aka raba tsakaninsa da mai gonar.

Dokar da ke raba riba

A Ingila da Wales, mai na'ura ba ya shiga gona sai da izinin mai ita. Dokar dukiyar binne ta 1996 ta ce duk wanda ya samu abin da ya haura shekara 300, mai ɗauke da aƙalla kashi 10 cikin 100 na zinare ko azurfa, dole ya sanar da hukuma cikin kwana 14. Idan wani gidan tarihi na son kayan, kwamitin ƙwararru ne ke yi masa farashi, kuma a al'ada a raba kuɗin biyu tsakanin wanda ya tsinta da mai ƙasa.

Ƙananan abubuwan da dokar ba ta shafa ba kuwa, tun 1997 akwai tsarin da ake kai su a yi musu rajista a mayar wa mai su. Zuwa yanzu an rubuta fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Dalilin wannan tsari shi ne, a wurin masana, inda aka samu abu da yadda yake kwance da abin da ke kusa da shi su ne ke ba da labari. Dakatawar da Lawes ya yi ce ta sa aka gane cewa a cikin akwatin katako aka jera kayan Hoxne, har aka samu ragowar ƙyalle da ciyawar da aka naɗe wasu da su. Da ya zuba su a buhu, da wannan sani ya tafi har abada.

Waɗanda kwaɗayi ya ja

Ba kowa ne ke da irin wannan haƙuri ba. A 2015 wasu mutum biyu sun tono dukiyar zamanin mayaƙan Bikin na arewacin Turai a kusa da Leominster, wadda aka yi kiyasin tana da sulalla kusan 300. Suka ɓoye akasarinta, suka shiga sayarwa a asirce.

Cikin ƙalilan ɗin da aka ƙwato akwai sulallan da ke nuna ƙawance tsakanin Sarki Alfred na Wessex da Ceolwulf na Biyu na Mercia, sarkin da tsofaffin littattafan tarihi suka ɗauka ɗan amshin shatan mahara ne kawai. Ke nan 'yan sulalla sun gyara fahimtar wani babi na kafuwar Ingila.

A 2019 kotu ta ɗaure ɗaya shekara 10, ɗayan shekara takwas da rabi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage musu. Da sun bi doka, da sun samu rabonsu na halas ba tare da fargaba ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Bahaushe. Sai dai asarar ba tasu ba ce su kaɗai, domin har yau ba a ga yawancin sulallan ba.