Gani Odutokun, Gwanin Zanen Da Arewa Ta Manta

A watan Fabrairun 1995 ne hatsarin mota ya yi ajalin Gani Odutokun, a kan hanyarsa ta komawa Zariya daga wani baje kolin zane-zane a Legas. Bai cika shekara 50 ba. Tun daga lokacin, in ka cire malamai da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, da wuya ka ji wani a Arewa ya ambaci sunansa. Wannan mantuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

An haifi Gani a 1946 a garin Nsawam na ƙasar Ghana, iyayensa kuwa 'yan Offa ne ta Jihar Kwara. Ya zo Zariya neman ilimi, ya kammala digirin farko a 1975, na biyu a 1979, ya kuma zauna yana koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne yadda yake sarrafa fenti. Yakan tsinka shi ya kwarara a kan ƙyalle, ya bar shi ya bi inda ya ga dama, sannan ya zauna ya nazarci abin da ya fito, ya zaƙulo siffa daga ciki. Shi ya sa mai kallon aikinsa yakan ji kamar yana tuna mafarki. A ganinsa haka rayuwa take, rabi tsarin mutum, rabi abin da ya faɗo masa ba shiri. Bai kuma tsaya ga ƙawa kaɗai ba. A zamanin mulkin soja, lokacin da baki ke iya jawo wa mai shi ɗauri, ya zana wani sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Duk wanda ya rayu a waɗancan shekaru ba ya buƙatar a fassara masa.

Idan na dubi yadda wasu ƙasashe ke riƙon nasu gwanaye, sai abin ya ƙara damuna. Pierre Bodo na Kongo ya fara ne da zanen allunan talla a Kinshasa, daga baya ya yi suna da hotunan 'yan gayu sanye da kwat masu kawunan tsuntsaye. A 2015, shekarar da ya rasu, an baje aikinsa a gidauniyar Cartier da ke Paris tare da na su Chéri Samba. Mai zanen allo ya shiga tarihi domin an samu masu saye, masu adanawa da masu rubutu a kansa.

Irin wannan baiwa tana nan a gabanmu. Wanda ya bi ta Sharada ko Challawa ko Bompai zai ga manyan motocin da ke jiran lodi a bakin masana'antu, bayansu cike da zanen zaki da gaggafa da dabino da kalaman hikima. Masu wannan aiki ba a san sunayensu ba, kuma ranar da motar ta mutu, zanen ya bi ta wurin 'yan gwangwan. To idan malamin jami'a kamar Gani ya ɓace daga bakunanmu, ina ga waɗannan?

Shawarata ga masu masana'antun Kano ita ce su riƙa sayen ayyukan masu zanenmu suna ƙawata ofisoshinsu da su, maimakon hotunan da ake bugowa daga waje. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su ware ɗaki don zanen zamani, ɗalibanmu kuma su ɗauki hotunan zanen motocin nan, su rubuta sunayen masu yin sa tun suna raye. Abin da ba a adana ba, kamar ba a taɓa yin sa ba ne.